Katin sim da doguwar hanyar da yake bi kafin ya iso Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban teburin mai rajistar layi a Sakkwato, ko a bakin Tsohuwar Kasuwa ko a jerin shagunan waya na Titin Sarki Yahaya, ya san cewa abin da ake ɓalle masa daga jikin kati bai wuce girman farce ba, kuma da wuya ya tsaya tambayar inda abin ya fito. A wurin mai saye, sim da layi da lamba duk abu ɗaya ne. A wurin kamfanin da ke son sayar da sabis da sunansa kuwa, abubuwa uku ne mabambanta, kowanne da kuɗinsa da hanyar da yake bi, kuma ba sa haɗuwa sai a kan wannan teburin. Maganar ta ƙara nauyi tun daga 2023, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fara ba da lasisi mai hawa biyar ga kamfanonin da za su sayar da layi da sunansu ba tare da sun kafa turakun sabis na kansu ba, sai dai su yi haya a kan na manyan kamfanonin da suka riga suka kafa. Kowane ɗayansu zai zauna da tambayoyi biyu kafin ya sayar da layi ko ɗaya: wane irin sim zai ba mutane, kuma ta wace hanya zai isa hannunsu.

Ya kamata a fara da abin da ke ƙarƙashin wannan ƙarfe mai launin zinare, domin daga nan sauran bayanin ya samo asali. Sim ƙaramar kwamfuta ce mai ƙwaƙwalwa da wurin ajiya, kuma abubuwa uku take riƙe da su waɗanda aiki ba ya yiwuwa sai da su. Akwai lambar katin kansa, mai alƙaluma 19 ko 20, wadda ake bugawa a bayansa; tana farawa da 89, kuma a katunan Najeriya 234 ne ke biye. Akwai lambar shaidar mai layi a cikin tsarin sadarwa, mai alƙaluma 15, wadda ke farawa da 621 idan layin Najeriya ne, sannan alƙaluma biyu da ke nuna kamfani, kamar 30 na MTN, 20 na Airtel da 50 na Glo. Na ukun shi ne mabuɗin sirri, wanda aka gina katin a kan kada ya taɓa fitar da shi, kwafinsa ɗaya kuma yana ajiye a rumbun kamfanin. Duk lokacin da aka kunna waya, kamfanin yakan aiko wa sim wani lissafi, sim ya warware shi da mabuɗinsa ya mayar da amsa, idan amsar ta yi daidai da ta rumbu sai sandunan sabis su hau.

Mai karatu zai lura cewa lambar wayar da mutane suka haddace, wadda ke farawa da 080 ko 070 ko 090, ba ta cikin waɗannan ukun. A rumbun kamfani take zaune, inda aka ɗaura ta a kan lambar shaidar wani kati. Wannan ne ya sa idan waya ta ɓace ake iya zuwa a yi abin da kowa ke kira walkam bak: a kwance lambar daga tsohon katin, a ɗaura ta a kan sabo, tsohon ya mutu nan take. Haka kuma shi ya sa tun watan Afrilu na 2013 mutum ke iya ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani, ya karɓi sabon kati amma lambar da 'yan uwansa suka sani ba ta canja ba.

Batun girma shi ne mafi sauƙi a cikin labarin, ko da yake shi mutane suka fi gani. Sim na farko, wanda kamfanin Giesecke & Devrient na Jamus ya ƙera a 1991, girman katin cirar kuɗi ne, kuma gaba ɗayansa ake zurawa a waya. A 1996 aka fito da mai tsawon milimita 25 da faɗin 15, wanda shi ne ya iso Najeriya tare da GSM a watan Agusta na 2001, zamanin da layi ɗaya ke cin naira dubu ashirin da ɗoriya, kuma shi ne a yau ake kira babban sim. Maikiro, mai milimita 15 da 12, ya yaɗu ne daga 2010 tare da iPhone 4, nano kuma, mai milimita 12.3 da 8.8, ya biyo baya a 2012 tare da iPhone 5. A duk wannan raguwar roba kawai ake ragewa, ƙwaƙwalwar da ke tsakiya aikinta bai canja ba.

Masu gyaran waya sun gane haka tun da wuri. Akwai shekarun da kusan kowane teburi ke da wata 'yar na'ura mai kama da abin danne takardu, a sa babban sim a bakinta a matsa, ƙarami ya faɗo. Wanda ba shi da ita kuma ya ɗora wani ƙaramin sim a kai ya zagaye da reza. Sau da yawa abin yana yi, amma nano ya fi sauran siranta, milimita 0.67 ne maimakon 0.76, don haka wanda aka yanka yakan cije a cikin tire, mai gyara ya koma goga bayansa da takardar yashi. Kamfanoni sun kashe wannan sana'ar da kati mai yanka uku, wanda ake ɓalle girman da ake so daga jikinsa, kuma ga duk wanda zai sayar da layi a jihar Sakkwato ban ga wani zaɓi da ya kai shi ba. Dalili kuwa shi ne, a nan sim ɗaya yakan yi yawo tsakanin babbar waya da ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta ke kwana biyu ko uku, kuma da yawa daga cikin ƙananan har yanzu babban rami gare su. Wanda ya jefar da zoben robar da ya ɓalle, ranar da wutar lantarki ta yi nisa zai nemo shi.

Akwai wani bambancin da ido ba ya gani. Tsofaffin katunan farkon GSM ba su da manhajar da 4G ke buƙata wajen tantancewa, shi ya sa aka yi ta kiran mutane su zo a canja musu kati a kan lambarsu. Sabon kamfani ba shi da wannan nauyin, tun da katunan da ake bugawa yanzu suna tafiya da 4G, har da 5G da MTN ya ƙaddamar a 2022, Airtel kuma a 2023.

Inda magana ta yi zurfi shi ne eSIM, wato sim na cikin jikin waya. A nan ƙwaƙwalwar tana manne da allon kayan lantarki da ke cikin wayar tun daga masana'anta, babu bayanin kowane kamfani a cikinta, kuma tana da tata lambar mai alƙaluma 32 da ake kira EID. Abin da kamfanin sadarwa ke bayarwa shi ne kunshin bayanan nan da aka ambata, lambar shaida da mabuɗin sirri, a kulle cikin wani amintaccen rumbu na intanet. Hoton QR da ake ba mai saye ba shi ne layin ba. Adireshin rumbun ne da kalmar karɓa, waya ta bi adireshin, rumbun ya tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar ta gaskiya ce, sannan ya sauke mata kunshin. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta fitar da ƙa'idar wannan tsari na wayoyin jama'a a 2016, Apple ya sa shi a iPhone XS a 2018, kuma a 2022 ya fitar da iPhone 14 na kasuwar Amurka babu ramin sim ko kaɗan. A Najeriya NCC ta amince wa MTN da 9mobile su fara gwajinsa a 2020, Airtel ya shigo a 2023.

A kan takarda babu abin da ya kai wannan daɗi ga kamfani: babu roba, babu kwali, babu sito, babu motar da za ta taso daga Legas ta yi tafiyar sama da kilomita dubu. Sai dai wanda ya zagaya kasuwar waya a Sakkwato ya san cewa Tecno da Itel da Infinix ne suka cika gilasan shaguna, kuma akasarin waɗanda talaka ke iya saye a cikinsu rami biyu gare su na sim ɗin roba, ba su da eSIM. Masu shi su ne masu manyan Samsung da iPhone da Pixel, kuma ko a cikinsu akwai tarko. Wayar da aka shigo da ita ta hannu daga Amurka tana iya zama a kulle da kamfanin can, ta ƙi karɓar kowane layi. iPhone da aka yi wa kasuwar ƙasar Sin kuwa, yawancinsu rami biyu ne na roba. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a danna *#06#, idan EID ta fito tare da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, to wayar tana da shi. Sannan sauke layin yana buƙatar intanet, ke nan wanda ba shi da wani layin a wayar sai ya roƙi na maƙwabci kafin ya mallaki nasa.

Abin da ya fi damuna game da eSIM a irin wannan gari shi ne ranar da waya ta mutu. Mai sim ɗin roba idan gilashin wayarsa ya fashe, ko ya bar ta a wurin mai caji, yakan zare katin da allura ya sa a wayar ƙaninsa, cikin minti ɗaya kiran abokin ciniki ya shigo. Mai eSIM ba shi da abin zarewa. Hoton QR ɗin sau da yawa amfani ɗaya ake yi da shi, kuma ƙaura daga waya zuwa waya, inda ma tsarin ya yarda, tana son tsohuwar ta kasance a raye. In ba haka ba sai an koma ga kamfani. Ta wani gefen kuma wannan rauni shi ne ƙarfinsa, domin ɓarawon da ya fizge waya ba zai iya zare layin ya sa a wata wayar ya fara latsa lambobin banki ba, wanda shi ne abu na farko da ɓarayin waya ke yi a yanzu. Mai sim ɗin roba ma yana da kariyarsa, wato lambar PIN, wadda ke kulle katin bayan kuskure uku, sai an kawo PUK mai alƙaluma 8 da ke jikin babban katin da aka ɓallo shi. Amma mutum nawa ne suka taɓa sa ta, kuma nawa ne suka san inda suka ajiye wancan katin?

Akwai kuma sim ɗin da ba a yi shi domin mutane ba. Na'urar POS, da na'urar bin sawun mota, da wasu mitocin lantarki, da sola ta biyan kuɗi kaɗan-kaɗan, duk da layi suke magana da masu su. Irin waɗannan akan yi musu sim mai milimita 6 da 5 da ake manna shi da dalma a jikin allon cikin na'urar, kuma na masana'antu yana jure zafi har maki 105, alhali na yau da kullum iyakarsa 85. Wanda ya taɓa buɗe motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da inuwa kanta ta haura maki 40, ba sai an yi masa dogon bayanin amfanin wannan ba. Sabon salo da ake kira iSIM ya ma shigar da sim cikin babbar ƙwaƙwalwar na'urar, amma har yanzu bai zama abin da kasuwarmu ke ciniki da shi ba.

Kafin sabon kamfani ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, akwai tambayar da ta riga su: bayanan da ke cikin katin na wane ne? Kamfanin da ke ƙananan hawa na lasisi yakan karɓi katin babban kamfanin da yake haya a wurinsa, ya buga tambarinsa a kai, amma lambar shaida da mabuɗin duk na mai gida ne. Wannan ya fi araha kuma ya fi saurin farawa, sai dai ranar da ya so sauya mai gida, dole ya bi kowane mai layi ya canja masa kati, daga Tambuwal har Sabon Birni. Wanda ya kafa nasa rumbun tantancewa, ya mallaki nasa jerin lambobin shaida, shi ne ke ba da odar katinsa da kansa, kuma yana iya sauya mai turaku ba tare da mai waya ya taɓa tirensa ba. Kuɗin farawa ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma wanda ya yi gini a filin aro ya san wanda ke da magana ta ƙarshe.

Odar kati kanta aiki ne mai tsari. Kamfani yakan aika wa masana'anta jerin lambobin da yake so da fasalin manhajar da za a zuba, masana'anta ta ƙirƙiri mabuɗin kowane kati a ɗaki mai tsaro, ta rubuta shi a ƙwaƙwalwar, sannan ta dawo da wani kundi a kulle mai ɗauke da dukkan mabuɗan, wanda za a loda a rumbun tantancewa. Idan ba a loda kundin ba, ko aka loda shi da kuskure, kwalayen da suka iso ba su da maraba da tarkacen roba, kuma ba za a gane ba sai wakili ya sa kati a waya ya ga babu sabis. Masana'antu ba sa buga ɗari ko ɗari biyu, da dubbai suke karɓar oda, saboda haka kuɗin ƙaramin kamfani yakan kwanta a sito tsawon watanni. A 2022 ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sanar da hana shigo da katin sim daga waje domin a riƙa yin sa a gida, abin da ya sa masana'antun cikin ƙasa suka zama ƙofar farko da mai oda zai ƙwanƙwasa.

Daga sito katin yakan bi hannun babban dila, ya sauka wurin ƙananan diloli a cikin gari, su kuma su rarraba wa wakilai masu na'urar rajista. A nan ma akwai zaɓin da mai saye ba ya gani. Ana iya ɗaura wa kowane kati lambar waya tun yana cikin kwali, a buga ta a jikinsa, mai saye ya duba ya zaɓi wadda ta yi masa daɗin haddacewa. Ana kuma iya barin sa babu lamba sai lokacin rajista. Hanya ta biyu ta fi tattali, domin lambobi ba kyauta ba ne, NCC ce ke rarraba su kuma ana biya, kwalin da ya shekara a shagon dila a Gwadabawa da lambobi a ɗaure kuwa dukiya ce a kwance. Wani amfanin shi ne kati marar lamba yana iya zama sabon layi, yana kuma iya zama na walkam bak.

Duk wannan jigila ce, kuma da a ce ita kaɗai ce da sim bai fi ƙarfin mai shagon sabulu ba. Abin da ya raba shi da sauran kayan kasuwa shi ne doka. Tun 2011 aka wajabta rajistar layi da hoto da zanen yatsu, a watan Disamba na 2020 kuma gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, ta kuma dakatar da sayar da sabon sim gaba ɗaya har zuwa Afrilu na 2021. Daga nan kati ba ya zama layi sai an daidaita fuska ko yatsan mai saye da abin da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani kuma laifi ne. Ke nan abin da kamfani ke isarwa a haƙiƙa abu biyu ne, mabuɗi da shaida. Mabuɗin yana iya zuwa ta mota ko ta iska, shaidar kuwa sai mutum ya bayyana da jikinsa.

Na taɓa zama a wani shagon rajista ina jiran a zo kaina, wani dattijo da ya zo daga wajen Wurno yana gabana. Wayarsa ta faɗa rijiya, ya zo a dawo masa da lambarsa. Yarinyar da ke kan na'ura ta ce, "Baba, kawo babban yatsa." Ya ɗora, na'ura ta ƙi karɓa, domin ƙotar fartanya ta shafe zanen. Ta ba shi tsumma mai danshi ya goge, ya huhhura, aka sake, sai a karo na huɗu ta kama. Da bayanan suka fito kuma, sunan da ke kan layin ba nasa ba ne. Ya ce, "Ɗiyata, wanga layi nau na, shekara goma ina aiki da shi." Gaskiya ya faɗa, amma ɗan ƙaninsa ne ya sayo masa shi ya yi rajista da sunansa, yaron kuma yana ci-rani a kudu. Katin da zai magance matsalar yana cikin aljihun teburin, ɗaruruwa ma, amma babu halin ba shi. Ya biya kuɗin mota zuwa da komawa a banza, kuma ban ga laifin yarinyar ba, domin da ta ba shi, gobe wani zai zo da irin labarin nan a kan layin da ba nasa ba.

Saboda haka wakili shi ne ginshiƙin rarraba layi a jiha mai ƙananan hukumomi 23 da ofisoshin kamfanoni suka taru a babban birninta. Yadda ake biyan sa kuwa shi ke nuna irin layukan da zai kawo. Idan ladarsa a kan kowace sabuwar rajista take, zai yi ta tura wa mutane layin da ba sa buƙata domin garaɓasar data, su cinye su jefar, kamfani ya ƙirga masu layi a takarda alhali katunan suna cikin kwata. Marar tsoron Allah ma yana iya amfani da shaidar mutum ya buɗe layi biyu, ya ba shi ɗaya ya sayar da ɗaya a ɓoye. A ganina tsarin da ya fi lafiya shi ne a raba ladar, wani kaso ranar rajista, sauran kuma bayan layin ya yi wata biyu ko uku ana sa masa kati. Wakilai ba za su so haka ba, kuma suna da hujja, tun da su ke sayen data da cajin na'ura da kuɗin mota zuwa kasuwannin ƙauye. Wanda zai jinkirta musu lada dole ya ƙara mata auki.

Kai sim har gida shi ne tsarin da sababbin kamfanoni suka fi sha'awa, domin a Ingila da Amurka haka takwarorinsu ke yi, a yi oda ta intanet, kati ya zo cikin ambulan ta gidan waya. A Sakkwato adireshi kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai baƙin ƙyaure kusa da mai nika. Mai kawo saƙo sai ya kira waya kafin ya gane gidan, wanda yake nema kuwa mai yiwuwa rashin layin ne ya sa ya yi odar. Saƙon mota ta tasha, wanda da shi ake aika komai daga magani har takardun makaranta, bai dace da wannan kayan ba, domin katin da ba a yi wa rajista ba bai amfani wanda ya karɓa ba, wanda aka yi wa kuma bai kamata ya kwana a aljihun direba ba. Tsarin yana yin ma'ana ne kawai idan mai kawowar shi ne mai rajistar, da na'urarsa da izininsa bisa ƙa'idar hukuma. A nan ne nake ganin akwai kasuwar da ba a kula da ita ba, wato matan aure da ba sa fita, waɗanda da yawansu layin da suke sana'ar cikin gida da shi, suke karɓar kuɗin ciniki a kansa, da sunan miji ko ɗa yake. Namiji ba zai shiga ya ɗauki hotonsu ba. Mace mai na'ura za ta shiga da sallama kawai.

Isar da eSIM ta manhaja ko ta imel ya fi kowace hanya sauri, kuma akwai mutanen da ya yi wa daidai. Maniyyaci mai babbar waya yana iya sauke layin data na tafiya tun kafin jirgi ya tashi, ya bar layinsa na gida a rami domin saƙon banki. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, wanda ramukansa biyu sun cika da layin Najeriya da na Nijar, ya sami wurin na uku. Ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma kasuwa ce ta gaske. Amma layin Najeriya ko ta iska ya zo sai an haɗa shi da NIN an tantance mai shi, kuma kamfanin da ya dogara ga wannan hanya kaɗai ya zaɓi ya yi ciniki da unguwanni kaɗan na cikin birni. Akwai kuma kuɗin da ba a cika faɗa ba, domin rumbun da ke sauke eSIM yawanci haya ake yi wurin kamfanonin da GSMA ta tantance, kuma akan biya a kan kowane saukewa, har da na wanda ya goge nasa bisa kuskure ya dawo neman wani.

Dukkan hanyoyin nan sun dogara ga abu guda, wato sabis a wurin da ake rajistar, tun da na'urar wakili sai ta yi magana da rumbun kamfani da na NIMC kafin layi ya tashi. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro, ba kira kaɗai ya tsaya ba, rajista da walkam bak ma sun tsaya a can, mai buƙata sai ya shigo gari. Ko ba a katse ba, akwai garuruwan gabashin jihar da wakili ba zai yarda ya bi hanyarsu da na'ura ba, don haka ranakun kasuwa a manyan garuruwa su ne damar da ta rage, kuma dila mai hankali da su yake tsara rabon kwalayensa.

Sabon kamfani yakan kashe tunaninsa a kan yadda zai sayar da layin farko, alhali masu layi a kan ranar ɓatan waya suke yi masa hukunci. Lambar mutum a yau ita ce ƙofar asusunsa na banki, ta nan lambar sirri ke shigowa, da ita kuma aka yi masa BVN, saboda haka walkam bak yana tsakanin haɗari biyu. Idan aka sassauta, ɗan damfara ya zo da labari ya karɓe lambar wani, kafin mai ita ya gane dalilin ɗaukewar sabis an kwashe asusun. Idan aka tsananta, aka ce sai a babban ofishi da ke birni, mutumin Gudu ko Kebbe zai kashe wuni da kuɗin mota, watakila kuma ya tarar katunan canji sun ƙare. Tambayoyin da ake yi, lambobin da ka fi kira, kuɗin da ka sa na ƙarshe, katin da aka ɓallo sim ɗin ko takardar rantsuwa daga kotu, duk ƙoƙari ne na tsayawa a tsakiya, amma daidaita fuska da yatsa da rumbun NIMC ya fi su ƙarfi, tun da amsar tambaya ana iya satar ta. Wanda ya yi jinkiri da yawa kuma akwai wata asarar a gabansa, domin layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba akan rufe shi, daga bisani a sake sayar da lambar ga wani, saƙonnin bankin tsohon mai ita su ci gaba da faɗowa a wayar baƙo. Kamfanin da zai shigo Sakkwato da sunansa yana buƙatar ya san, tun kafin ya buga kati na farko, wakilai nawa zai amince wa su yi canjin layi a wajen birni, wane mataki na tantancewa zai ɗora musu, da kuma katunan canji nawa za su riƙa kwana a aljihun teburin kowannensu a Isa, Tangaza da Yabo.